Fitar da Na'urorinki Waje Kafin Ki Yanke Hukunci

Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramar malama ce a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a, shekarata ta uku ke nan da kama aiki. Digirina na biyu na yi shi a kan sadarwar ƙananan na'urorin awo marasa waya, irin waɗanda ake warwatsawa a fili su auna zafi ko danshi ko motsi, su aiko da bayanin ta rediyo. Yanzu na fara digiri na uku a hannun malamin da ya duba min na biyun. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya min har na samu wannan aikin. Damuwata ita ce, takardu huɗun da muka wallafa tare duk abu ɗaya ne: mu ɗauko tsarin LEACH, wato dabarar haɗa na'urorin rukuni-rukuni don a tanadi batir, mu sauya yadda ake zaɓen shugaban rukuni, mu gwada a kwamfuta, mu nuna batir ya ƙara daɗewa. Ban taɓa riƙe na'urar a hannuna ba. Ya ce in cika su shida in haɗa su zama kundina. A zuciyata ban yarda da aikin ba, amma da yawan takardu ake ƙarin girma. Ga wani kamfani mai haɗa mitocin lantarki da ke aiko da bayani da kansu ya yi min tayin aiki, albashin ya ninka nawa. Abokan karatuna kuma suna ta cewa fannin ya mutu, kowa ya koma ƙirƙirarriyar basira. Tun ina ƙarama nake son koyarwa da bincike. In ci gaba a haka, in sauya fanni, ko in karɓi aikin kamfanin? Ba na son in ɓata wa malamina rai.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma jimla ɗaya ce ta tsaya min a rai: ba ki taɓa riƙe na'urar a hannunki ba. Tambayoyi uku kika jero min, amma ina ganin ba za ki iya amsa ko ɗaya ba tukuna, domin fannin da kike shawarar bari ba ki shige shi ba ma. A bakin ƙofa kike. Abin da ya gundure ki inuwar aikin ce a jikin allon kwamfuta, kuma da gaskiyarki da ya gundure ki.

Bari mu fara da LEACH ɗin, don kada mu zalunce shi. Wendi Heinzelman da malamanta Anantha Chandrakasan da Hari Balakrishnan ne suka fito da shi a jami'ar MIT ta Amurka a 2000, kuma dabara ce mai kyau a lokacinta. Aika saƙo nesa yana cin batir, saboda haka na'urori su haɗu rukuni-rukuni, ɗaya ta tattara bayanan sauran ta aika, sannan a riƙa karɓa-karɓa da wannan nauyin don kada batirin ɗaya ya ƙare ta bar sauran. Sai dai lissafin ya tsaya ne a kan wasu zato: cewa kowace na'ura in ta so za ta iya kai muryarta har tashar tattarawa kai tsaye, cewa in wannan ta ji waccan to waccan ma tana jin wannan, cewa nisa kaɗai ke yanke ƙarfin saƙo. Masu aikin ba su ɓoye zatonsu ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka mayar da zaton gaskiya. Sama da shekara ashirin ke nan ana sauya wa tsarin hula da riga, ana zuba na'urori ɗari na ƙarya a fili na ƙarya, ana zana layin da ya ɗara na jiya kaɗan. Masu tantance takardu a manyan tarukan fannin, irin su SenSys da aka fara a 2003, sun daɗe da daina kallon irin wannan a matsayin sabon abu. Ina faɗa miki haka ne don kada ki zuba shekara huɗu a rijiyar da ta ƙafe.

Ga abin da rediyo na gaske yake yi. Ɗauki TelosB, wata ƙaramar na'urar awo mara waya wadda dubban ɗalibai suka koyi aikin a kanta. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 10 ce kacal, tana ɗauke da rediyon CC2420, batiri biyu na AA ke riƙe da ita. Wannan rediyon yana jan wutar lantarki kusan miliamfiya 19 idan yana saurare, kusan 17 idan yana magana da cikakken ƙarfinsa. Ki lura da kyau: sauraro ya fi magana ci. Batirin AA mai kyau yana ɗauke da wajen miliamfiya 2,500 na awa guda. Ki raba da kanki, za ki ga na'urar da aka bar kunnenta a buɗe ba za ta wuce kwana biyar ko shida ba, ko da ba ta aika komai ba. In kuwa tana barci kashi 99 cikin 100 na lokaci, za ta haura shekara. Ashe babbar tambayar ba wace ce za ta zama shugabar rukuni ba ce. Tambayar ita ce, na'urori biyu da ke barci kusan kullum, kowace da agogonta mai ɗan gudu ko ɗan jinkiri, ta yaya za su farka lokaci guda su gaisa su koma? A kan wannan aka gina rabin ilimin fannin.

Haka batun nisa. A 2003 Jerry Zhao da Ramesh Govindan suka auna da na'urori na gaske, suka nuna akwai wani yanki mai faɗi tsakanin inda saƙo ke isa sosai da inda ba ya isa sam. A cikinsa na'urori biyu masu nisa ɗaya daga mai aikawa, ɗaya ta ji kusan komai, ɗaya ta rasa rabi. Wani lokacin ma ta farko tana jin ta biyu, ta biyu ba ta jin ta farko. Da'irar nan zagayayya da kike zanawa a kwamfuta don nuna iyakar inda saƙo ke kaiwa, babu ita a duniya.

Ni kaina sai da na fita na gane. A farkon aikina na dasa na'urori goma sha biyu a wani lambun gwaji don auna danshin ƙasa. Na yi wata biyu ina lissafi, lissafin ya ce za su yi wata takwas. Na rufe kowace a kwalin roba, na liƙe bakin da kyau don kada ruwan sama ya shiga. A mako na uku huɗu suka yi shiru. Na buɗe ta farko, sai ga ɗigon ruwa a manne a cikin murfin, ƙafafun batirin sun yi kore. Ruwan sama bai shiga ba. Iskar da na rufe a ciki ce take ɗaukar zafi da rana, da dare ta huce ta zubar da raɓarta a kan allon lantarkin na'urar. Sauran kuma, da shukar ta yi tsawo ganye ya cika da ruwa, sai saƙon da yake isa lafiya a ranar dasawa ya fara ɓacewa, domin ruwa yana shanye igiyar rediyo mai gigahaz 2.4. Na'urorin suka shiga maimaita aikawa, maimaitawar ta cinye batir. Na tsuguna a wurin da kwalin a hannuna, raina a ɓace, amma a ranar na samu tambayar da ta ciyar da ni shekara biyar: yaya na'ura za ta gane hanyarta ta lalace ta daina ɓarnar ƙarfinta?

Manyan fannin ma ta nan suka bi. A 2002 masu bincike daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka dasa na'urori 32 a tsibirin Great Duck na jihar Maine ta Amurka, wasu a cikin ramukan da tsuntsayen teku ke yin sheƙa, don a san halin tsuntsayen ba tare da mutum ya riƙa zura hannu yana firgita su ba. Na'urori da yawa sun mutu kafin lokacin da aka ɗibar musu, danshi na cikin abin da ya kashe su. A 2005 ayarin Koen Langendoen na jami'ar Delft a Holan suka zuba wajen na'urori ɗari a gonar dankali don hango cutar da danshi ke kawowa. Kashi 2 cikin 100 na bayanan ne kawai suka iso. Ba su ɓoye ba, suka zauna suka rubuta duk abin da ya lalace da dalilinsa, kuma har yau ana ba ɗalibai wannan takardar su karanta. A shekarar dai, ɗaliban Matt Welsh na Harvard suka jera na'urori 16 a jikin dutsen Reventador mai aman wuta a ƙasar Ekwado. Kuskure ɗaya a manhaja ya kashe musu sadarwar baki ɗaya na kwana uku, agogunan na'urorin kuma suka saɓa, sai da suka ƙirƙiro hanyar gyara lokutan bayan sun dawo kafin bayanan su amfani masana girgizar ƙasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da ya fito daga ETH Zurich ta Suwizalan a 2011, mai suna Glossy. Duk littafin sadarwa zai ce miki in na'urori biyu suka yi magana lokaci guda saƙonninsu za su yi karo su lalace, saboda haka aka shafe shekaru ana neman hanyar hana su haɗa baki. Federico Ferrari da abokan aikinsa suka juya maganar. In saƙon iri ɗaya ne, kuma aka sa na'urorin suka sake shi a tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, mai sauraro zai karɓe shi lafiya. Da wannan saƙo ke ratsa dukkan na'urori cikin ƙiftawar ido, ya kuma daidaita musu agogo a hanya. Wanda bai san rediyonsa ciki da bai ba, bai ƙirga bugun agogon na'urarsa ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai taɓa yin wannan tunanin ba. Kwaikwayon kwamfuta da aka rubuta a kan cewa karo asara ne, karo zai nuna masa kullum.

To shawarata ta farko ke nan, kuma ita ce uwar sauran. Ki ba kanki wata uku. Ki nemi ƙananan alluna takwas ko goma masu rediyo, ba sai masu tsada ba, ki ɗora musu Contiki-NG ko RIOT, manhajojin da ke tafiyar da irin waɗannan alluna, dukansu kyauta ne kuma a buɗe suke ga mai son karanta cikinsu. Ki sa su auna abu ɗaya mai sauƙi, ko da zafin ɗakunan ginin sashenku ne, wasu a ciki wasu a waje. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru: wace ta yi shiru, ƙarfe nawa, me ya canza a kusa da ita. Ki auna wutar da suke ja da mita, kada ki yarda da abin da takardar masana'anta ta ce. In kayan sun gagara a yanzu, akwai FIT IoT-LAB a Faransa, inda aka kafa ɗaruruwan na'urori na gaske a gine-gine, mai bincike ya buɗe asusu ya tura manhajarsa ta intanet ya karɓi sakamako. Ki ɗauki gyararren LEACH ɗinki na takarda ta huɗu ki ɗora a kai. Ina kyautata zaton abin da za ki gani zai sha bamban da zanenki, kuma wannan bambancin shi ne babin farko na kundinki. Ban ce ki jefar da kwaikwayo ba. Manhajojin kwaikwayo irin su Cooja da ns-3 kayan aiki ne masu amfani, musamman in ana son ganin na'urori dubu. Amma awon fili ne zai gaya wa kwaikwayon abin da zai kwaikwaya.

Batun cewa fannin ya mutu ba zan daɗe a kansa ba. Suna ya sauya, aikin ya bar ɗakin gwaji ya shiga kasuwa. Ƙa'idar sadarwar ƙananan rediyoyi, IEEE 802.15.4, ta fito a 2003, aka koya wa ƙananan na'urori yaren intanet da ƙa'idar 6LoWPAN a 2007, wasu ƙa'idojin kuma suka biyo baya. Abin da Kevin Ashton ya raɗa wa suna intanet na abubuwa a 1999, shi ne mitocin da kamfanin nan ke neman ki yi wa aiki. Matsalolin da suka rage kuwa manya ne. A Oktoban 2016 manhajar Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin gida da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, ta afka da su wa kamfanin Dyn, mai nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa shafukan intanet, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa shiga. Yadda za a tsare na'urar da ba ta da ƙwaƙwalwar ɗaukar babban makullin sirrinta saƙo, kuma za ta shekara goma a manne a bango, har yanzu ana fama. Ga na'urori marasa batir, masu tsintar ƙarfi daga haske ko igiyar rediyon da ke yawo a iska, waɗanda ke mutuwa su farfaɗo a tsakiyar lissafi. Ita ƙirƙirarriyar basirar ma da abokanki ke gudu wajenta, yanzu ana ƙoƙarin matse ta ta shiga irin waɗannan ƙananan alluna, kuma wanda ya san inda kowace miliamfiya ke tafiya shi ake nema a wurin.

Yanzu malaminki, wanda na san shi ne ainihin abin da ke hana ki barci. Na ji daɗi da kika ambaci alherinsa kafin ki ambaci damuwarki. Ki riƙe wannan. Kuma ki yi masa adalci: mai yiwuwa ya zaɓi kwaikwayo ne don shi ne abin da ake iya yi ba tare da kuɗin kaya ba, kuma ya ga ɗalibai da yawa sun maƙale shekara bakwai saboda sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu. Takardu shidan nan, a ganinsa, hanyar da zai fitar da ke lafiya ce. Saboda haka kada ki shiga ofishinsa da maganar cewa aikinku ba shi da amfani. Kada ma ki je da ra'ayi. Ki je da sakamako. Bayan wata ukun, ki ajiye masa zane biyu a gefen juna, na kwamfuta da na fili, ki ce, Malam, na gwada tsarinmu a kan na'urori na gaske, ga abin da na samu, na kasa gane dalilin wannan giɓin, ina neman ka duba min. Gani ya kori ji. Malamin kirki in ya ga irin wannan, malamin da ke cikinsa ne zai tashi. Kin bar masa girmansa, kin kuma ba shi hanyar sauya alkibla ba tare da ya ce ya yi kuskure ba, domin sabon aikin a kan tsohon zai hau, sunansa kuma yana kai.

In ya amince, ki roƙe shi a ƙara mai dubawa na biyu wanda ya saba da kayan aiki, ko daga wata jami'ar ne. Masu bincike da yawa suna amsa wasiƙar ɗalibin da ya aiko da awo na gaske da tambaya takamaimiya. In kuwa ya ƙi, ya dage sai shidan, to ki yi masa biyun da suka rage da gaskiya, ki rubuta zaton da aka yi ƙarara a cikinsu, ki ci gaba da aikin filinki a gefe da saninsa. Ban yarda ki yi komai a ɓoye ba. Fannin nan ƙarami ne, kuma amana ita ce jarin mai bincike.

Gaskiya ne ana ƙirga takardu wajen ƙarin girma, ba zan ce miki ki yi watsi da dokar wurin aikinki ba. Ki cika abin da ake buƙata. Amma ki guji mujallar da za ta turo miki gayyata cike da yabo, ta karɓi takarda cikin mako guda da zarar an biya. Irin wannan yana zama tabo a takardar tarihin aikinki ranar da za ki nemi tallafin bincike ko gurbi a wani wuri. A fanninmu manyan taruka suna da daraja kamar mujallu, wani lokacin ma fiye, kuma akwai mujallu na ƙwarai irin su ACM Transactions on Sensor Networks. Za su mayar miki da takarda, wataƙila sau biyu ko uku. Ki karanta sharhin masu tantancewar bayan zafin ya huce, domin darasi ne daga mutanen da ba za ki iya biyan kuɗin lokacinsu ba. Aikin fili kuma yana da wata riba: dasawa ɗaya tana haifar da bayanan da za a daɗe ana tatsa, kuma in kika sake su ga jama'a tare da manhajarki, wasu za su yi aiki da su su ambace ki.

Saura kamfani. Katangar da ke tsakanin jami'a da masana'anta a wannan fannin gajeriya ce. Kris Pister, mai aikin ƙananan na'urorin awo da ake kira Smart Dust a Berkeley, ya kafa kamfanin Dust Networks ya kuma ci gaba da zama farfesa. Adam Dunkels da ya rubuta Contiki a Suwidin ya fita ya kafa kamfani. Matt Welsh, mai dutsen nan, ya bar Harvard ya koma Google a 2010 bayan an tabbatar masa da kujerarsa. Babu wanda ya ce sun ci amanar ilimi. In akwai nauyin iyali a kanki da albashin yanzu ba ya ɗauka, ki karɓi aikin da zuciya ɗaya, ba abin kunya ba ne, kuma za ki koyi abin da jami'a ba ta koyarwa. Sai dai ki sani komawa yana da wuya in babu digiri na uku a hannu, kuma kowace shekara yana ƙara wuya.

In kuwa za ki iya jurewa, ni a ganina kada ki tafi yanzu. Kin ce tun kina ƙarama kike son koyarwa da bincike, kuma har yau binciken bai samu damar nuna miki fuskarsa ba. Wanda ya tafi saboda gundura da abin da bai ɗanɗana ba, tambayar tana bin sa. Ki je wurin mutanen kamfanin ki gode musu, ki gaya musu gaskiya cewa kina tsakiyar digiri, sannan ki tambaye su abin da ke ba su ciwon kai. Kamfanin da ke da dubban mitoci a waje lallai yana da waɗanda ke yin shiru ba a san dalili ba, da unguwannin da saƙo ba ya fita, da batiran da ke mutuwa kafin alkawari. Ki nemi su ba ki aron mitoci goma da bayanan wata shida, a rubuta yarjejeniya a kan abin da za ki iya wallafawa da abin da zai zama sirrinsu, a cire duk abin da zai nuna gidan wani. Ki sa malaminki da ofishin bincike na jami'arku a cikin maganar tun daga farko. Su sun samu mai duba musu matsala, ke kin samu filin gwajin da babu jami'ar da za ta iya gina miki, ƙofar aikin kuma ba ta rufe ba.

Idan kin tashi rufe kwalayen, ki huda ɗan ƙaramin rami a ƙasan kowanne, ki sa ƙunshin nan mai shanye danshi a ciki, ki ɗaga eriya ta bar ƙasa ko da mita ɗaya ne. Ki rubuto min bayan wata ukun ki gaya min wace ta fara yin shiru, da abin da kika tarar da kika buɗe ta. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.